Yadda ake rubuta takardar umarnin aiki da injiniya zai yarda ya sa mata hannu

A yawancin kamfanonin haɗa sola, ma'aikatun ruwa da ƙungiyoyin da ke haƙa rijiyoyin burtsatse a Gombe da Bauchi, wanda aka ɗora wa rubuta takardar umarnin aiki kallon mai buga takarda ake yi masa. Injiniya zai miƙo masa manuwal ɗin da ya zo cikin kwali, ya ce, "Malam, ɗan juya mana wannan zuwa Hausa kafin Juma'a," ya wuce abinsa. Ba wulaƙanci ya nufa ba. Ya dai sha ganin takardu masu kyan bango da daɗin karatu, waɗanda ranar da inbata ta fara kuka da tsakar dare ba wanda ya buɗe su, wayarsa aka kira. Gardama a wurin taro ba za ta sauya wannan kallo ba. Abin da ke sauya shi shi ne ranar da ma'aikacin da aka bar wa kayan ya riƙe takardarka, ya yi aikin tun daga farko har ƙarshe, bai kira kowa ba, bai kuma ƙona komai ba.

Za mu ɗauki misali guda mu bi shi: ƙaramin asibitin ƙauye da aka haɗa wa sola, da faranti huɗu a kan rufi, batura huɗu masu ruwa, kwanturola mai daidaita cajin batura, da inbata mai juya wutar batir zuwa wadda kayan gida ke aiki da ita. Dabarun ɗaya ne ko da injin casar shinkafa ne a Dadin Kowa ko manhajar biyan albashi a ofis.

Wa zai riƙe takardar?

Manuwal ɗin da ya zo daga masana'anta an rubuta shi ne don mai haɗa kayan, mutumin da ke da mita a jaka kuma ya san amfaninta. Takardarka kuwa ma'aikaciyar jinya ce za ta karanta ta da ƙarfe biyun dare, da fitilar waya a hannu, mai naƙuda na jiranta. Ko kuma maigadi, wanda karatun bokonsa ya tsaya a firamare amma ya iya ajami sarai. Shi ya sa juya manuwal ɗin gaba ɗaya ɓata lokaci ne. Raba aikin gida biyu: shafi ɗaya na bango don mai amfani da kayan kullum, wanda ya ƙunshi kunnawa, kashewa, ma'anar kowace fitila da lambar da za a kira; sai ɗan littafi na mai gyara, inda waya, fiyus da awo za su shiga.

Ka kuma tuna inda kake. A Kaltungo, Billiri, Balanga ko Tafawa Ɓalewa, mai karatunka na iya zama Batangale, Bawaje, Bafulatani ko Basayi wanda Hausa harshensa na biyu ne. Yana jin ta ras a kasuwa, amma kalmar da ka tono daga ƙamus za ta tsayar da shi. A nan ba a neman gwanintar adabi. Idan kowa a garin "inbata" yake cewa, rubuta inbata.

Kafin ka zauna da injiniya

A nan ne yawancin marubuta ke zubar da mutuncinsu tun ba a fara ba. Mutum zai zo hannu rabbana, ya zauna ya ce, "Injiniya, yi mini bayanin yadda abin nan ke aiki." Wanda ke da wuraren aiki uku a ranar, ɗaya a Kumo ɗaya a Bajoga, daga wannan tambayar ya gama yanke maka hukunci.

Ka karanta manuwal ɗin kowace na'ura tukuna. Ɗauki hoton lambar samfurin da ke manne a jikin kayan, ka tabbata manuwal ɗin nata ne, domin sau da yawa kwali ɗaya na zuwa da takardar da ta haɗa samfura biyar masu ƙarfi daban-daban. Zana yadda ka fahimci wuta ke bi, daga faranti zuwa kwanturola, zuwa batura, zuwa inbata, ko da zanen ya karkace. Sannan ka rubuta tambayoyinka da lamba, kada su wuce goma sha biyar, ka tura masa kwana guda kafin zaman, ka nemi rabin awa, ka kuma tashi a rabin awar.

Dubi bambancin waɗannan tambayoyi biyu. Ta farko: "Yaya ake kula da batir?" Ta biyu: "Injiniya, ranka ya daɗe, manuwal ɗin inbata ya ce tana yanke wuta idan batura suka sauka zuwa 42V, amma a allonta na ga an saita 46V. Wanne zan rubuta, kuma da gangan aka ɗaga shi?" Ta biyun ta nuna masa ka karanta, ka je ka duba, kuma ka gano abin da ko shi ya manta bai rubuta ba. Daga ranar zai fara ɗaukar wayarka.

Akwai tambayoyi uku da ba a tashi zama ba a yi su ba: me mutane suka fi lalatawa a irin wannan kaya, wace waya aka fi kiransa a kanta, kuma mene ne zai iya kashe mutum a nan. Amsoshin su ne ƙashin bayan takardar. Kada kuma ka tsaya kan injiniya kaɗai. Yaron da ke hawa rufi yana ɗaure farantan ya san wane noti ne ke kwancewa bayan iskar farkon damina, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka gaishe shi yadda ya kamata, ka tambaye shi sunan da suke kiran kowane abu. Idan za ka naɗi murya ka nemi izini.

Jera matakai

Je gaban kayan, a yi aikin kana kallo, sannan ka yi da hannunka idan babu haɗari. Wanda ya ƙware yana tsallake matakai ba tare da ya sani ba: hannunsa zai kashe wani makunni yana cikin magana, bakinsa bai ambata ba. Aikinka ka kama wannan hannun.

Ƙa'idojin jera matakai ba su da yawa. Mataki ɗaya, aiki ɗaya. Fara da abin da za a yi. Idan akwai sharaɗi, shi ke zuwa gaba: "Idan jar fitila ta kama, kashe firiji da fanka," domin wanda ya karanta "kashe firiji" ya riga ya kashe kafin idonsa ya kai ga sharaɗin. Bayan kowane mataki mai muhimmanci, faɗi abin da mutum zai gani ko ya ji, don ya san yana kan hanya. Masu rubuta littattafan gyaran jiragen sama a Turai suna da ƙa'idar sauƙaƙan Turanci mai suna ASD-STE100, wadda ta fara fitowa a 1986, kuma ta kayyade jimlar umarni kada ta wuce kalma 20. Hausa ta fi Turanci yawan ƙananan kalmomi, don haka ba sai ka tsaya ƙirga ba, amma jimlar da ba za ka iya karanta ta da numfashi ɗaya ba, raba ta.

Ga yadda ake yawan rubuta abin: "Ya kamata a tabbatar an kashe dukkan na'urori yadda ya dace kafin a gudanar da duk wani gyara." Ba wanda zai ce ƙarya ce, ba kuma wanda zai iya aiki da ita. Ga ta a gyare:

1. Kashe duk kayan da ke jan wuta.
2. Danna makunnin inbata. Allonta zai mutu.
3. Sauke makunnin da aka rubuta wa FARANTI.
4. Sauke makunnin da aka rubuta wa BATIR.

Mataki na 3 da na 4 ba a musanya su. A yawancin kwanturola, batir ake fara haɗawa sannan faranti, saboda daga batir take gane ko tsarin na 12V ne, 24V ko 48V. Wajen cirewa kuma faranti ake fara yankewa. Idan aka cire batir aka bar faranti na turo wuta da rana tsaka, kwanturolar na iya ƙonewa. Irin wannan dalili ka sa shi cikin layi ɗaya a ƙarƙashin matakin. Mutanenmu idan suka san dalili sun fi bin umarni, idan ba su sani ba sai su ɗauka tsirfar Bature ce. Kuma lura, takardar ta ambaci makunnai masu suna. Ke nan sai ka sa an manna sunayen a jikinsu, in ba haka ba takardar da bangon ɗakin ba za su yi magana ɗaya ba.

Kalmomin da ke ƙona kaya

A nan marubucin Hausa ke da aikin da babu wani manuwal na waje da zai yi masa, kuma a nan ne injiniya ke gane cewa akwai ilimin da shi ba shi da shi.

Ɗauki "ruwan batir". A shagon kayan lantarki, wannan sunan na iya nufin tataccen ruwa marar gishiri da ake ƙarawa, yana kuma iya nufin ruwan asid da ake zuba wa sabon batir. Ka rubuta "ƙara ruwan batir duk wata", aka aiki yaro kasuwa, abin da mai shago ya fahimta shi zai bayar. Batir mai ruwa idan ya ja, ruwan ne ya ƙafe, asid ɗin na nan, don haka ƙara masa asid na cinye farantan cikinsa. Sai ka rubuta a fili: tataccen ruwa kawai, ba asid ba, ba ruwan rijiya ba, ba fiya wata ba, domin ruwan rijiya da fiya wata suna ɗauke da gishirin da ke kashe batir. Ka sa hoton gorar da ake nufi. Ka kuma faɗi lokacin: bayan batir ya cika caji, saboda ruwan na ɗagowa lokacin caji, wanda aka cika masa tun yana ƙasa zai yi ambaliya.

Haka "mai". Fetur mai ne, baƙin man inji mai ne, giris ma wasu mai suke ce masa. "Gas" a bakin direba da mai injin niƙa man dizal ne, a bakin uwargida kuwa na girki ne. "Wuta" ta haɗa lantarki, fitila, tartsatsi da gobara, don haka "idan wuta ta kama" jimla ce mai fuska biyu masu nisan gaske. Rubuta "idan koriyar fitila ta haska". Ko ma'aunin ƙarfin lantarki, wato volt, tunda Hausa ba ta da harafin V, idan ka rubuta shi yadda ake furtawa, bolt, zai yi karo da kusar da ake ɗaurewa da noti. Bar shi a alamarsa, 12V, 48V, kamar yadda yake a jikin kayan.

Maganin duk wannan shi ne jadawalin kalmomi. Tun ranar farko ka buɗe shafi mai gida uku: sunan abu a manuwal, sunan da ma'aikata ke kiransa, da wanda ka zaɓa. Da zarar ka zaɓa, ka riƙe shi har ƙarshen takardar. A makaranta an koya mana kada mu maimaita kalma. A wannan aiki maimaitawar ake so. Idan ka ce "makunni" a shafi na 2, ka ce "maɓalli" a shafi na 5, mai karatu zai tashi neman abu na biyu.

Sai haruffa masu lanƙwasa: ƙ, ɗ, ɓ. "Ɗaure waya" da "daure waya" ba ɗaya ba ne, haka "ƙafa" da "kafa", "ƙasa" da "kasa". Mai Hausar gado zai cike gurbin da kansa, wanda ya koye ta daga baya zai yi tuntuɓe. Zaɓi salon rubutu mai ɗauke da su, irin su Noto Sans, Charis SIL ko Andika, ka mayar da fayil ɗin PDF da haruffan a cikinsa kafin ka kai shagon bugu. In ba haka ba, kwamfutar shagon za ta mayar maka da kowane ƙ akwatin banza, kuma sai an buga kwafi ɗari za a lura. Idan ka yi amfani da manhajar fassara don saurin aiki, ɗauki abin da ta fitar a matsayin ɗanyen kaya: ita ba ta san "ruwan batir" iri biyu ne ba.

Awo

Adadi ba ya tafiya shi kaɗai sai da ma'auninsa. A watan Satumban 1999 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta yi asarar kumbonta Mars Climate Orbiter saboda wani ɓangare na masu aikin ya ba da lissafin ƙarfin tura kumbon da ma'aunin fam, ɗaya ɓangaren ya karɓa a matsayin na Newton. Masu digiri ne duka. Namu na gida ya fi wannan sauƙin faruwa. Galan na Amurka lita 3.785 ne, na Ingila lita 4.546, na bakin titi kuma ya danganta da robar mai sayarwa. Inci ɗaya milimita 25.4 ne. Iskar taya ko ƙarfin famfo, bar ɗaya kusan psi 14.5 ne. Manuwal ɗin da ya fito daga Jamus ko Faransa, ko ya biyo ta Kamaru, da waƙafi yake raba adadi, wato 1,5 na nufin ɗaya da rabi. Kwanan wata kuma ka rubuta sunan watan, domin 03/04 a takardar Amurka Maris ne, a tamu Afrilu.

Mudu, tiya, gwangwani, murfin gora: kada ka raina su, da su mutane ke awo. Sai dai mudun wannan kasuwa ba lallai ya yi daidai da na waccan ba. Idan za ka yi amfani da ma'aunin gida, auna shi da sirinji ko kofin awo, ka rubuta duka biyun, ka sa hotonsa. Kuma ka yi wa mai karatu lissafin, kada ka bar masa. Idan masana'anta ta ce a haɗa fetur da baƙin mai 50:1 a ƙaramin janareta, rubuta "mililita 20 na baƙin mai a kowace lita ɗaya ta fetur, mililita 80 a lita huɗu". Idan takardar maganin ciyawa ta ce lita 4 a kadada cikin ruwa lita 200, manomi ba kadada yake goyawa a baya ba, tankin feshi ne, don haka faɗa masa mililita 320 a tanki mai lita 16. Duk lissafin da ka yi da kanka, ka ja masa layi a daftarin, ka ce injiniya ya sake bi.

Wani abu da manuwal na waje ba zai faɗa ba shi ne yanayinmu. Ana auna rayuwar batir mai ruwa ne a zafin digiri 25, kuma duk ƙarin digiri goma kan rage ta da kusan rabi. A Gombe cikin Maris da Afrilu zafi na kai wa digiri 40 a inuwa, balle a ɗakin kwano marar taga. Saboda haka lokacin duba ruwa da masana'anta ta bayar na iya yin nisa da yawa. Tambayi injiniya adadin da ya dace da nan. Haka wanke faranti: da hunturu ƙura na rufe su cikin 'yan kwanaki, kuma da sassafe ko da yamma ake wankewa, ba a watsa ruwan sanyi kan gilashin da rana ta gasa ba.

Gargaɗi

Gargaɗi kafin matakin yake zuwa. Wanda aka sa a ƙarshen shafi ta'aziyya ce. Ya ƙunshi abu uku: mene ne haɗarin, me zai faru, yaya za a kauce. Misali: "Batir na fitar da iska mai kamawa da wuta lokacin caji. Tartsatsi na iya fasa shi. Kada a kunna ashana, kyandir ko taba a ɗakin. A cire zobe da agogon ƙarfe kafin a taɓa shi." Ƙara da abin yi idan asid ya fantsama a ido: a wanke da ruwa mai yawa na aƙalla minti 15, a nemi likita. Ka kuma faɗi cewa faranti ba shi da makunnin rana. Guda ɗaya na iya ba da 40V zuwa 50V, huɗu a jere kusan 200V, ko da an kashe komai a ƙasa.

Tsarin da kamfanoni da yawa ke bi, na ANSI Z535, ya raba gargaɗi hawa-hawa: ja ga abin da zai kashe ko ya yi mummunan rauni, ruwan lemo ga wanda zai iya yin hakan, rawaya ga ƙaramin rauni, shuɗi ga lalacewar kaya kawai. Zaɓi kalmar Hausa ɗaya ga kowane hawa, misali HAƊARI, GARGAƊI, HATTARA, LURA, ka tsaya a kai. Kada ka dogara da launi kaɗai, domin takardarka za ta ƙare a injin kwafi mai baƙi da fari. Kada kuma ka cika shafi da gargaɗi don kare kai. Idan komai haɗari ne, ido zai daina ganin na gasken. Mai son zurfafawa ya nemi ƙa'idar IEC/IEEE 82079-1 ta 2019, wadda ta tattara yadda ake shirya bayanin amfani da kaya.

Gwada takardar a hannun mutum

Wannan ne matakin da ake tsallakewa saboda an makara, kuma shi ne ya raba marubucin fasaha da mai buga takarda. Nemi mutum biyu ko uku irin waɗanda za su yi aikin, waɗanda ba su halarci haɗa kayan ba. Injiniya ya tsaya kusa saboda tsaro. Ka miƙa takardar ka ce, "Baba, ba kai muke gwadawa ba, takardar muke gwadawa. Duk inda ta ruɗa ka, laifinmu ne." Daga nan ka kama bakinka.

Kallo za ka yi. Dattijon zai kai takardar kusa da ido, ya nesanta ta, ya juya wajen taga: haruffan sun yi ƙanƙanta. Yatsansa zai bi layi na uku, ya tsaya, ya ɗago ya dubi makunnai biyu masu kama ɗaya, hannunsa na shawagi tsakaninsu. Bakinka zai yi ƙaiƙayi ka ce "na hagun". Kada ka faɗa. Rubuta "mataki na 3" a littafinka. Idan ka tambaye shi ko ya gane, zai ce, "Na gane, yallaɓai," don kunya da girmama baƙo, saboda haka wannan tambayar ba ta da amfani. Hannunsa ne ke gaya maka gaskiya. Gyara, ka sake gwadawa da wani mutum daban.

A nan za ka gane cewa shafin bango na bukatar haruffa manya, girman 18 zuwa sama, a takardar A3 idan da hali, a rufe shi da leda saboda ƙura da danshi, a kafe shi daidai tsayin ido kusa da kayan, ba a ofishin shugaba ba.

Bita, sa hannu da lambar bugu

Idan ka tura wa injiniya shafi talatin ka ce ya duba, ko dai ya yi shiru ko ya dawo maka da gyaran waƙafi. Sa wa layuka lamba, ka ja layi ƙarƙashin kowane adadi, ka rubuta masa: "Injiniya, a duba mini adadi da jerin matakai kawai, shafi na 4 zuwa na 9, zuwa Laraba." Kowane gyara ka shigar da shi jadawali: wa ya faɗa, me ya ce, me aka yi. Zagaye biyu na bita sun isa.

Iyaka a bayyane take. Gaskiyar fasaha tasa ce: ba ka sauya adadi ko jerin aiki don jimla ta yi daɗi. Tsari da harshe naka ne: idan ya nace a mayar da doguwar jimlar Turancinsa, ba sai an yi musu ba, nuna masa abin da ka rubuta ranar gwaji, cewa mutum biyu cikin uku sun tsaya a daidai wannan wurin. Idan kuma ka gano kuskure a zanensa, same shi shi kaɗai, ka kawo shi a matsayin tambaya. Wanda ka kunyata gaban ogansa ba zai ƙara buɗe maka cikinsa ba. Idan abin ya shafi rai kuma ya ƙi gyarawa, rubuta shi a takarda ka kai gaba, kada ka fitar da umarnin da ka san zai cutar.

Kowane shafi ya ɗauki sunan takardar, lambar bugu, kwanan wata da "shafi na kaza cikin kaza" a ƙasansa. Dalili kuwa, takardu a WhatsApp suke yawo yanzu, shafi ɗaya-ɗaya, kuma tsohon bugu ba ya mutuwa. A farkon littafin ka sa gida uku: wanda ya rubuta, wanda ya duba, wanda ya amince, kowa da sa hannunsa.

Naka haƙƙin

Sunanka ya shiga gidan "wanda ya rubuta". Ka nemi hakan tun farko, ba bayan an gama ba. Kada kuma ka ari rigar da ba taka ba: laƙabin injiniya na waɗanda hukumar kula da aikin injiniya ta Najeriya, COREN, da aka kafa a 1970, ta yi wa rajista ne. Idan ma'aikata suka fara kiranka da shi, gyara musu cikin raha. Masu laƙabin na lura da wanda ya yi shiru ya karɓa.

Idan aikin kwangila ne, a rubuta yarjejeniya ko da shafi ɗaya ce: takardu nawa, harshe nawa, zagayen bita nawa, wa zai tabbatar da adadi, wa zai biya kuɗin motar zuwa wurin gwaji, nawa ne kafin alƙalami, kuma fayil ɗin asali na wa ne. Kada ka yi ciniki da yawan shafi. Shafin bango guda da aka gwada sau uku ya fi shafi arba'in na kwafe-kwafe cin lokaci, kuma wanda ake biya da shafi cika takarda zai yi. Yi ciniki da kwanakin aiki, ka nuna kwana nawa ne na bincike, nawa na rubutu, nawa na gwaji. Zanen kamfani da farashinsa da ka gani a cikin aikin amana ne. Idan kana son nuna samfurin aikinka ga wani, nemi izini ka goge sunaye.

Mai son shiga sana'ar daga Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU), Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Bauchi, Jami'ar Jihar Gombe ko ta Tarayya da ke Kashere ba sai ya jira an ɗauke shi aiki ba. Ya je wurin mai injin markaɗe ko mai cajin waya a unguwa, ya rubuta masa shafi ɗaya na kunnawa, kashewa da kula da janareta, ya gwada shi a hannun sabon yaron shago, ya ajiye daftarin farko da na ƙarshe tare. Waɗannan shafuka biyu za su yi masa magana a gaban mai ɗaukar aiki.

Bayan wata uku da miƙa aiki, kira injiniyan ka tambaye shi wace waya ake kiransa a kanta har yanzu, domin duk tambayar da ta maimaitu rami ne a takardar. Idan kuskure ya fito, ko naka ne ko na wani, faɗa da bakinka kafin a faɗa maka. Gyara shi, ɗaga lambar bugu, rubuta abin da ya sauya a layi ɗaya, ka tura sabon ga duk wanda ya karɓi tsohon. Shafin da ke kafe a bangon asibitin kuma a sa wani ya ciro shi, ya turo maka hoton sabon a wurinsa.